Gwaggo Tsahara, Wadda Ta Hana a Kori Abin da Bai Shiga Ba

Da wannan kakar da muka shiga, shekara hamsin ke nan cif da aka binne Gwaggo Tsahara a Tarka. Ba da takarda na ƙirga ba, da girbi na ƙirga, kuma ko ɗaya bai ɓace mini ba. Jikata Hadiza, mai koyarwa a lakwal, makarantar bokon Belbeji, ita ke ɗaukar wannan magana daga bakina tana sa ta a takarda, ita ce kuma ta lissafa ta ce abin da zan ba ku labarinsa ya faru a shekarun alif ɗari tara da ashirin da 'yan kai. Ni dai abin da na sani, a lokacin kumandan Nasara na zaune a Tanut, ayarin Abzinawa na sauko mana da gishiri da dabino su koma da gero, kuma a ƙauyenmu babu wanda ya taɓa ganin mota.

Ba kewa kaɗai ta sa na ce a rubuta ba. Haushi ne ya fi yawa. Kwanan nan duk inda na zauna, gidan suna ko gidan gaisuwa, sai in ji ana cewa wance iska ta kama ta, an kai ta an cire mata. Wane ya daina magana, a kai shi a cire masa. A cire! Sai ka ce ƙaya ce a tafin ƙafa, ko haƙorin da ya ruɓe. Kuma ba yara ke faɗin haka ba, manya ne masu furfura. Da Gwaggo na raye ta ji, da ta ajiye mazarinta ta zuba wa mai maganar ido har ya rasa inda zai sa kansa.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun da uwata ta rasu ina ƙarama. Ba boka ba ce, ba 'yar bori ba ce, ba ta kuma yi karatun da ya wuce na salla ba. Ungozoma ce, kuma ita ke wankan gawar mata. Saboda haka babu irin gidan da ba ta shiga ba a kwarin Tarka: na Bahaushe, na Buzu, na Bafillace, na Babarbare. Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba, mace ce mai wuyar zama. In ka ce mata, "Miƙo mini abin nan," ko motsi ba ta yi sai ka faɗi sunan abin. Na sha barin tuwo ya huce ina neman kalma. A lokacin na ɗauka mugunta ce.

A wurinta na fara jin dalilin sunayen da muke ba waɗanda ba a gani. Ta ce an ce musu iskoki ne don iska ba a ganin ta, sai dai a ga abin da ta kaɗa, kuma Fulani ma da sunan iskar suke kiran su, hendu. Aljan kuwa ba maganarmu ba ce, ta Larabawa ce, da karatu ta zo. Wani malami ya faɗa mata cewa asalin kalmar abin da aka lulluɓe ne, abin da ya ɓuya, ta dawo gida tana tsaki, wai ashe tafiyar nan duk daga gabas ba ta kawo komai ba sai abin da kakanninmu ke cewa mutanen ɓoye. Amma sunayen aikin da ake yi a kansu ta fi tsanantawa a kai. Takan ce kowace kalma aikinta daban, wanda ya kira aiki da sunan da ba nasa ba, aikin da ba shi ba zai yi, kuma a jikin mutum zai yi shi.

Ban san nauyin wannan magana ba sai da ta faɗo a kaina.

Na yi aure a wani ƙauye gabas da Ollelewa, gidan masu haƙar rijiya. Surukina shi ne babbansu, maigidana kuma shi ke sauka. Wanda bai san rijiyoyin Damargu ba, tamu ta haura gaba talatin, in ka leƙa da rana tsaka ba ka ganin ruwan. Shekarar da 'yata ta fari ke koyon tsayuwa, bazara ta yi tsanani, ruwa ya ja baya, aka ce sai an yashe rijiyar. Maigidana ya sauka da abokin aikinsa Mati, wanda tun suna yara tare suke. Da hantsi gefen rijiyar ya zabtaro. Ƙasa ta rufe Mati gaba ɗaya, shi kuwa maigidana ta kama shi har ƙirji. Sai bayan la'asar aka samu aka jawo shi. Ko ƙashi ɗaya bai karye ba. Aka ɗauko shi da gudu zuwa gida, maza suka koma suka tono Mati, aka yi masa sutura washegari, aka ja ƙaya aka rufe bakin rijiyar, gari ya koma jan ruwa a ta maƙwabta.

Daga ranar nan maigidana bai sake magana ba. Yana zaune fuskarsa ga zana. In an sa masa tuwo a hannu ya ci, in ba a sa ba shi ke nan. Ruwa kuwa sai an riƙe shi an ɗura masa. In ya ji ana jan igiya a ƙasa, ko ta akuya ce, sai jikinsa ya ɗauki rawa. Kowa ya ce iskar rijiya ce ta shige shi. Tsofaffin mata suka gargaɗe ni kada kowa ya ambaci mamacin ko rijiyar a gabansa, wai kada a tayar da abin da ke jikinsa. Muka bi. Gida ya zama kamar ba a taɓa yin wani Mati a duniya ba.

Limaminmu, Malam Kiyari, ya yi mako yana zuwa. Ya karanta ya tofa masa, ya rubuta a allo ya wanke aka ɗura masa. Mutumin kirki ne, a ƙarshe ya ce shi ya yi nasa, saura na Allah. Magajiyar bori ta wani gari ta aiko cewa a kawo shi a yi masa girka. Ni har na so, don na ɗauka girka fid da iska ce. Surukina ya ƙi, ya ce ɗansa ba zai hau bori ba. Daga baya da na gaya wa Gwaggo na so a yi, sai da ta kira ni sakarya. Ta ce, ke ba ki taɓa girka tukunya a murhu ba? Fitar da ita kike yi daga gida, ko zaunar da ita kike yi daram a kan duwatsu? To daga nan kalmar ta fito. Girka ba ta korar kowa. Zaunar da iskar ake yi a jikin mutum, a yi sulhu, ya zama dokinta har ya mutu. Wanda ya je girka yana tsammanin zai dawo shi kaɗai, bai san abin da ya je nema ba. Har yau ina jin mutane na haɗa biyun, kuma har yau raina na ɓaci.

Ana cikin haka wani boka ya ɓullo a kasuwar Ollelewa, ba a san sunansa ba sai laƙabi, Mai Dorina, saboda bulalar fatar dorina da yake ratayawa. Aikinsa sananne ne. A ɗaure mutum, a lulluɓe shi da gwado, a tura masa hayaƙin barkono, sannan a yi ta zuba masa bulala har iskar ta faɗi sunanta ta rantse ta fita. An ce wasu sun warke. An kuma ce wasu iskar ta fita da ransu, kuma yadda ake faɗa kamar laifin iskar ne. Surukina ya ga ɗansa na ramewa, kwana ashirin babu kalma ɗaya, ya amince. Aka yi da bokan zai zo washegarin kasuwa mai zuwa.

Ni suruka ce, ƙaramar yarinya, ba ni da bakin cewa a'a a gidan. Abin da na iya shi ne na tare Raishatu, Buzuwar da ke kawo mana cuku, wadda mutanenta ke tashi zuwa kwarin Tarka. Na ce ta gaya wa Gwaggona za a daki mijina, kuma jikinsa ba zai ɗauka ba.

Ana saura kwana biyu ta iso a kan jaki, ƙafafunta sun kumbura. Ta gaida surukina, ta sha ruwa, ta shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da maras lafiya ta hau kaɗi. Ni ina kuka ina cewa ta yi wani abu, ita tana murza mazari. Sai can ta fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Yana magana da muryar da ba tasa ba? A'a. Yana faɗuwa yana birgima? A'a. Ya taɓa neman wani abu, zane ko turare ko jinin dabba? A'a. In Malam na karatu yana toshe kunne ko ya zabura? A'a, zaune yake kawai. Ƙarfinsa ya ƙaru? Ina, raguwa ya yi. Ta ce, "To wannan wace irin baƙuwa ce, ta shiga gida kwana ashirin ba ta nemi ko ruwa ba?"

Washegari ta bi mazan da suka jawo shi, gida gida. Wa ya riƙe igiya, wa ya sauka ya ɗaure shi, wa ya tare shi a baki, wa ya goyo shi. Duk suka ba ta amsa. Sai ta ce, "Wa ya kira shi?"

Dole in yi wa 'yan yanzu bayani. Masu haƙar rijiya na ƙasarmu suna da ƙa'ida. In hatsari ya sami mutum a ƙasa aka fito da shi da rai, ba a ɗauke shi daga wurin sai wani nasa ya leƙa rijiyar ya kira sunansa sau uku, ya ce masa ya taho a tafi gida. Dalili, firgita kan raba mutum da kurwarsa, jiki ya hau sama ita ta tsaya a ƙasa. Babu ɗan gidan haƙa da bai san wannan ba. Surukina da bakinsa ya sha sa a yi wa 'ya'yan wasu. Amma ranar da abin ya zo kan nasa ɗan, ya ga ƙasa a bakinsa da hancinsa, sai ya ce a ruga da shi gida. Daga baya kowa ya ɗauka wani ya kira. Babu wanda ya kira.

Da safen da aka sa, Mai Dorina ya iso da buhunsa. Ya tarar da Gwaggo zaune a ƙofar gida, ta miƙe ƙafa ta tare hanya.

"Iya, a ba mu wuri."

"Me ka zo yi?"

"Kora."

"Kora ta akuya ce da ta shiga gona. Ka ga akuyar?"

Ya yi dariya ya dubi mazan da suka taru. "To fid da ita zan yi, in haka kika fi so."

"Wanda za a fitar ta ƙofa ya shigo. Ta ina ta shiga? Ka ma ga yaron?"

"Ba sai na gan shi ba, duk ɗaya suke. Ke wai malama ce ko boka, da za ki koya mini aikina?"

"Ni mai wankan gawa ce. Ni na wanke matar da ka yi wa aiki a Tarka bara. Na ga bayanta."

Surukina ya fito ransa a ɓace, don a ƙofarsa ake wannan, gari na kallo. Ya kira ta da sunana ya ce, "Gwaggon Zuwai, mun gode da tattaki, amma nan gidana ne, kuma ɗana ne."

"Gidanka ne, Maigida, ɗanka ne. Babu abin da ya shige shi. Barin sa kuka yi a rijiya. In aka daki jikin nan, ɗaki wofi za a daka. Ba ni hantsin nan kaɗai. In rana ta take bai motsa ba, ga shi ga dorina."

Ban taɓa ganin fuskar namiji ta sauya haka ba. Surukina ya gane abin da take nufi tun kafin ta rufe baki. Sai ya ce shi zai je ya kira. Gwaggo ta ce a'a. A ƙa'ida uwa ke kira, uwar kuwa ta rasu. Ta ce masa, a gaban mutane, ba ta ko sassauta murya ba, "Muryarka ce ta ce masa ya sauka. Ba ita zai biyo ba." Har yau ina ganin ta yi tsauri da yawa ga dattijon da ke cikin wannan hali. Amma haka take.

Sai ta juyo ta dube ni.

Ku 'yan matan yanzu da kuke ƙwala wa mazajenku kira daga ƙofar gida kamar kuna kiran mai tallan goro, ba za ku gane ba. Ni tun da aka kai ni gidan ban taɓa furta sunan maigidana ba, ko a ɗaka, ko ni kaɗai. Akwai ɗan maƙwabta mai irin sunan, shi ma ban taɓa kiran sa da shi ba. Yanzu ana so in faɗe shi da ƙarfi, a fili, gaban Baba surukina, gaban liman, gaban matan gari duka. Na ce, "Gwaggo, a gaban Baba?" Ta ce, "Kunya ko miji, ɗauki ɗaya. Rana na yi."

Maza biyu suka kamo maigidana aka taho da shi. Da muka hango ƙayar da ke bakin rijiyar sai ya turje, aka zaunar da shi a gindin wata aduwa. Aka janye ƙayar. Na miƙa wa wata 'yata, na kwanta rub da ciki a kan itacen bakin rijiya, Gwaggo ta riƙe ƙafafuna. Sanyi da warin danyar ƙasa suka bugo ni. Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban ji shi ba.

"Gaba talatin ce," in ji Gwaggo. "Ba raɗa ake yi a bayan ɗaki ba."

Wasu mata suka ƙyalƙyale. Haushinsu ne ya ba ni murya. Na kira na biyu, rijiyar ta maido mini da sunan kamar wata ce a ƙasa ke taya ni. Na uku kuwa ihu na yi. Na ce ya taho mu tafi gida, na kuma ƙara abin da ba ya cikin ƙa'ida, na ce yarinya ta fara takawa bai gani ba. Na kasa kunne. Babu abin da ya motsa. Na ji Mai Dorina a bayana yana cewa to, an gama wasan?

Sai wata murya ta fito daga gindin aduwa, a shaƙe, kamar ta tsoho.

"A fid da Mati tukuna."

Kwana ashirin da 'yan kai yana zaune a tsakar gidanmu yana tsammanin abokinsa na nan a ƙasa, an ɗauke shi shi kaɗai an bar Mati. Ya ga babu mai ambaton sa, babu mai zuwa rijiya, kowa na cin tuwonsa. Mu kuwa mun kulle bakinmu ne don muna tsoron iska. Surukina ya zauna a ƙasa. Malam Kiyari ne ya je ya durƙusa ya gaya wa maigidana an fito da Mati tun ranar, an wanke shi, an yi masa salla. Ya ce a nuna masa. Aka kai shi kabarin, ya daɗe a can tare da ubansa. Da ya dawo ya ɗauki ƙwarya da hannunsa ya sha ruwa. Ban ga tafiyar bokan ba.

Ba zan ce ya koma yadda yake da ba. Bai sake sauka rijiya ba har ya bar duniya, noman gero ya koma, kuma maganarsa ta ragu. Ni kuwa matan gari suka sa mini Mai Kiran Miji, na shekara goma ina amsa shi ina cizon haƙori. Shi bai taɓa tayar da zancen ba sai sau ɗaya, muna 'yar faɗa a kan iri, ya ce, "Ke da kika yi shelar sunana gari ya ji, me kuma ya rage?" Na tashi na shige ɗaka.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Gwaggo ta raina aikin malamai, ko ta ce babu iskoki. Allah ya halicce su, kuma ta ga abin da ta gani. Ita da kanta takan tura mutane wurin tofi, takan ce kalma ce mai gaskiya, ta faɗi aikinta duka: a karanta, a tofa, a bar wa Allah. Ta taɓa raka wata mata zangon Buzaye don a yi mata tende, wato turmin da suke ɗaure wa fata mata su kewaye suna waƙa. Buzaye na ce wa iskoki Kel Asuf, mutanen dajin da babu kowa, kuma Gwaggo ta ce wanda kaɗaicin daji ya taɓa, cikin taro da waƙa ake maido shi. In iska ta hau mutum da gaske, ta fi son a ce a sauke ta, yadda mahayi ke sauka daga doki, don mai saukewa ba ya karya dokin. Abin da ba ta yarda da shi ba, a ɗauko aiki kafin a dubi mutum.

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da zamanin nan. Bara wani matashin malami da ya dawo daga Makka ya zo da sabuwar kalma, ruƙiyya, mutane na ta maimaita ta kamar wani sabon magani. Na aika a kira mini shi, na ce ya fassara mini. Ya ce Larabci ne, karanta ayoyi da addu'a ne a kan maras lafiya. Na ce ashe tofi ne. Ya ce kusan haka ne, Iya. Na ce to sandar da na ji wasu na haɗawa da ita, a wane wuri take cikin kalmar? Ya ce ba ta ciki. Yaron ya yi gaskiya, Allah ya yi masa albarka. Amma ba kowa ke tambaya ba, kuma sanda ba ta damu da yaren da aka kira ta da shi ba. Likitan da ke garinmu kuwa ina jin da Gwaggo ta so shi, don shi ma da tambaya yake farawa, tun yaushe, me ya faru kafin nan. Da dai ta yi masa faɗa, don kafin mutum ya gama amsa ya riga ya ce na baya ya matso.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na mazan da farin nan ya bari. Tun da dabbobi suka ƙare, akwai su a kowane gari daga Tenhiya har nan, mutanen da suka tsaya suna kallon garkensu na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Suna zaune a inuwa ba sa magana. 'Yan'uwansu na yawo da su daga wannan mai magani zuwa wancan. Me ya shige su? Ni ban ga abin da ya shiga ba, na dai ga abin da ya tafi. Kuma a gabansu babu mai ambaton shanun, wai kada a tuna musu, sai ka ce sun manta. Kuskuren da muka yi a tsakar gidanmu, shi ake ta yi, ba a ko gajiya.

Gwaggo ba ta daɗe ba bayan wannan. Kakar shekara mai zuwa zazzaɓi ya kwantar da ita, aka aiko, na je na same ta da sauran magana. Abin da ta bari na duniya turmi ne da jaki da tabarmi biyu. Kabarinta rairayi ya shafe, na je neman sa shekarun baya ban gane wurin ba. Masu haƙar rijiya na yanzu da siminti suke aiki, na tambayi wani ko suna kira, bai ma san me nake nufi ba. Kalmomin da ta tsare kamar hatsin iri suna ta narkewa, kowa ya haɗa su a kwano ɗaya. In da wannan za a auna ta, sai a ce babu abin da ya saura.

Amma biyar daga cikin 'ya'yana shida bayan wannan hantsin aka haife su, sun hayayyafa, suna noma suna kiwo daga Belbeji har Damagaram, yawancinsu ba su san sunanta ba. Ni kuma ta bar mini baƙin jinin da take da shi, don ni ce yanzu tsohuwar da ke zaune a ƙofa tana tambayar da ba a so. Ba na jin daɗinsa, amma ban ga wanda zan miƙa wa ba.

A wannan kwanciyar tata ta ƙarshe na yi mata tambayar da ta shekara tana ci na. Na ce, Gwaggo, da bai amsa ba fa? Kin tsiraita ni gaban gari, kin kunyata dattijo a ƙofarsa. Kin tabbata kuwa kurwar na ƙasa?

Ta buɗe ido ta harare ni, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ina zan sani? Ni na shiga rijiyar? Abin da na sani, muddin kina kira, ba a dukan sa."

Allah ya sanyaya mata makwanci, ya yafe mata kaifin bakinta, ya kuma karɓe ta da sunanta.